Jifsam, Siminti da Tokar Ɓuntu: Yadda Ake Haɗa Garin Gini Mai Jure Ruwa

Masu aikin silin POP suna da wata dabara da suka gada daga iyayen gidansu. Idan ana so adon bakin taga ko na baranda ya yi ƙarfi, sai a ɗebi siminti kwano guda a juye cikin garin POP. Birkila ma yana da irin tasa: idan yana sauri ya toshe rami ko ya kafa ƙyauren ƙofa, sai ya barbaɗa POP a kwaɓin siminti don ya kama nan take. A ranar aikin babu wanda zai ga aibu. Kwaɓin ya kama cikin 'yan mintuna, ya yi tauri, mai gida ya ƙwanƙwasa ya ji daram, ya biya kuɗi. Sai damina ta zo ta wuce, a tarar wurin ya kumbura, ya tsattsage, wani lokaci ma ana taɓa shi ya ruguje a hannu. Daga nan a ɗora laifin a kan yashi, ko a ce simintin jabu ne.

Yashi da siminti ba su da laifi. A cikin siminti akwai sinadarin da ke ɗauke da alminiyam. Idan ya haɗu da jifsam, wato dutsen da ake gasawa a samu POP, a cikin ruwan da laim ɗin da siminti ke saki ya cika, sai su haifi wasu ƙananan tsinkayen gishiri da masana ke kira etiringait. Kowace ƙwayar wannan gishiri tana haɗiye ƙwayoyin ruwa 32, don haka yana neman wuri fiye da abubuwan da suka haife shi. Kamfanonin siminti sun san wannan sarai. Shi ya sa jifsam ɗin da suke niƙawa tare da kilinka, wato gasasshen dutsen siminti, a Kalambaina ko Ashaka ko Malbaza, ba ya wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100, daidai abin da zai hana siminti kamawa kafin a yi aiki da shi, kuma ya ƙare tun kwaɓin yana ɗanye. In aka wuce haka, tsinkayen za su ci gaba da tsirowa bayan gini ya bushe ya yi tauri, duk lokacin da danshi ya shiga, su yi ta tura shi daga ciki har ya fashe.

Amma burin mai POP ɗin nan ba na banza ba ne. Jifsam yana gasuwa a zafin digiri 150 zuwa 160 na ma'aunin Salshiyas, alhali kilinkar siminti sai an kai ta kusan 1,450. Masana'antar siminti ita kaɗai tana fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke turawa sama. Ga kuma tsada: a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a Najeriya, gine-gine da yawa suka tsaya a linta. Jifsam kuwa yana kamawa da wuri, ba ya tsukewa ya tsage in ya bushe, yana da sauƙin nauyi, kuma yana tare wuta, saboda kusan kashi 21 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne da ke daure a cikinsa, sai ya gama fita tururi kafin zafi ya ratsa. Mutanen Masar na dā sun yi amfani da kwaɓinsa a tsakanin duwatsun dala. A Faris kuma, bayan gobarar Landan ta 1666, an ba da umarni a 1667 cewa a shafe katakan gidaje da shi ciki da waje.

Aibinsa ɗaya ne, amma babba: ba ya shiri da ruwa. Lita guda ta ruwa tana narkar da kusan giram 2 na jifsam, kuma tun kafin ya narke, da zarar ya jiƙe sai fiye da rabin ƙarfinsa ya tafi. Duk wanda rufin kwanonsa ya taɓa yoyo a kan silin ya ga yadda yake lanƙwashewa ya rufto.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Aleksandr Volzhensky da abokan aikinsa a Mosko, a shekarun 1950 zuwa 1960. Sun gano cewa jifsam da siminti za su zauna lafiya idan aka sa musu na uku: wani gari mai silika da ke shanye laim ɗin da siminti ke saki. In laim ya yi ƙaranci a ruwan da ke cikin kwaɓin, tsinkayen nan ba sa samun halin yin ɓarna, kuma abin da silika da laim suka haifa yana lulluɓe ƙwayoyin jifsam ya kare su daga ruwa. Haɗin nasu ya kasance kashi 50 zuwa 75 gasasshen jifsam, kashi 15 zuwa 25 siminti, kashi 10 zuwa 25 garin silika. Da shi aka riƙa zuba ɗakunan wanka sukutum a masana'anta, ana ɗora su da kuren a benayen Tarayyar Sobiyet. A ce an yi banɗaki da jifsam, wannan ya isa shaida.

Akwai kuma wata hanya da ta juya lissafin baki ɗaya. A farkon ƙarni na 20, wani Bajamushe masanin siminti, Hans Kühl, ya nuna cewa kashin ƙarfen da ke fita daga manyan tanderun narka tama, idan aka kashe shi da ruwa nan take ya zama tsaki-tsaki mai ƙyalli, aka niƙa shi lukui, to kashi 80 zuwa 85 nasa da kashi 10 zuwa 15 na jifsam da ɗan kilinka da bai wuce kashi 5 ba suna ba da siminti na gaske. A nan etiringait ba maƙiyi ba ne, da gangan ake neman sa, domin yana tsirowa da wuri tun kwaɓi yana da laushi, ya zama shi ne ƙashin bayan ginin. Wannan siminti ba ya zafi sosai yayin kamawa, kuma yana jure ruwan teku da ƙasa mai gishiri fiye da siminti na yau da kullum. Sai dai yana jinkirin yin ƙarfi, kuma in ba a riƙa ba shi ruwa a kwanakin farko ba, samansa yana yin ƙura. Turai ta yi masa ƙa'ida ta musamman mai lamba EN 15743. A Indiya ma, wajen 1990, N. Bhanumathidas da N. Kalidas na birnin Visakhapatnam suka fito da bulon da ake kira FaL-G, daga tokar kwal da laim da ɗan jifsam, bulon da ba a gasawa, ruwa kawai ake ba shi. Ƙananan masana'antu dubbai ne suka rungumi wannan sana'a a can.

Don haka iyali biyu ne, kuma rikita su shi ne kuskuren da ya fi tsada. In jifsam ne mai rinjaye, abokin da ake so shi ne gari mai silika zalla, wanda alminiyam ɗinsa kaɗan ne. In kuwa jifsam kaɗan ne, ana so a haɗa shi da abu mai alminiyam, kamar kashin ƙarfe ko tokar kwal ko garin jan bulo.

Jifsam ɗin kansa ma ba dole sai an haƙo shi ba. Tashoshin lantarki masu ƙona kwal suna wanke hayaƙinsu da ruwan dutsen laim don cire farar wuta, abin da ya rage jifsam ne, wanda sau da yawa ya fi na haƙa tsabta. An yi lokacin da kusan rabin jifsam ɗin da Jamus ke buƙata daga nan yake fitowa, kuma yanzu da ƙasar ta yanke barin kwal nan da 2038, masu allon bango sun fara neman mafita. Kamfanonin takin zamani su ma suna tara nasu: kowane tan na asid ɗin fosfet yana barin tan 4 zuwa 5 na jifsam. A jihar Fulorida ta Amurka an tara fiye da tan biliyan 1 a tsibi-tsibi. A Gabes ta Tunisiya da Jorf Lasfar ta Maroko an daɗe ana zubar da shi a teku, a Darou Khoudoss ta Senegal kuma ana jibge shi. Indiya ta nuna abin da za a iya yi da shi: a 2013 cibiyar fasaha ta IIT Madras ta gina bene da manyan alluna masu tsawon mita 12 da faɗin mita 3 da aka zuba daga irin wannan jifsam, aka cika wasu ramukan cikinsu da kankare da rodi.

Jifsam ɗin taki yana da sharaɗi, kuma ba na wasa ba. Yana ɗauke da ragowar asid da fuloraid, waɗanda ke hana shi kamawa da kyau, sai an wanke shi an kashe tsaminsa da laim. Wanda ya fi wannan, dutsen fosfet yakan zo da sinadarin radiyam mai fitar da tururin nukiliya, shi ya sa tun 1989 hukumar kare muhalli ta Amurka ta taƙaita amfani da shi. Yawan radiyam ɗin ya danganta da inda aka haƙo dutsen. Ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Duk wanda aka kawo wa irin wannan kaya da araha, kada ya sa shi a ɗakin kwana sai an auna shi a ɗakin gwaji, irin na cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

To me ke hannu a ƙasar Hausa? Jifsam dai akwai shi: Fika da Fune a Yobe, Nafada a Gombe, Dange-Shuni da Wurno a Sakkwato, da yankin Malbaza a jihar Tawa. Kashin ƙarfe irin na Kühl babu, domin babban tanderun Ajaokuta bai taɓa narka tama ba. Wanda ke fita daga masana'antun narka tsofaffin ƙarafa wani iri ne daban, a iska yake hucewa, ba ya kama komai, wani ma yana kumbura daga baya. Tokar kwal tana taruwa a tashar Sonichar da ke Anu-Araren a jihar Agadas, amma nisan ya isa ya cinye ribar. Abin da ke zube ko'ina, daga Kura zuwa Haɗeja zuwa Argungu, shi ne ɓuntun shinkafa. Tan ɗaya na shanshera yana ba da ɓuntu kusan kilo 200, wannan kuma in an ƙona yana barin toka kusan kilo 40, wadda kashi 85 zuwa 95 cikin 100 nata silika ce. Ga wanda ke son haɗin Volzhensky, da wuya a sami abin da ya fi ta dacewa, tunda kusan babu alminiyam a cikinta.

Maginan gargajiya ba za su yi mamakin wannan tunani ba. Lason da ake shafe soraye da rijiyoyin marina da shi, daga katsin da aka kwaso a ƙasan marina aka ƙona ake yin sa, a haɗa da gashin jima daga majema da ruwan dafara. Sharar sana'o'i biyu ke nan ta zama siminti tun kafin Turawa su kawo nasu.

Aikin yana farawa daga zaɓen dutse. Jifsam na gaske farce yana kankare shi. In aka ɗiga masa ruwan tsami ya yi kumfa, akwai dutsen laim a ciki da yawa, a ajiye shi gefe. Na yankunanmu yakan fito falle-falle a cikin laka, don haka sai an wanke an shanya kafin a farfasa, a niƙa, a tankaɗe. Fasassun silin da aka rushe da ragowar kwaɓin da ya bushe a bokiti su ma jifsam ne, in an cire zaren filas da fenti za a iya sake niƙa su a gasa, kuma yawanci kyauta ake kwashe su.

Gashin ana yin sa a rabin duro ko babban kasko na ƙarfe, a kan wuta madaidaiciya, ana juyawa ba ƙaƙƙautawa. Da zafi ya haura digiri 120, busasshen garin zai fara ɓulɓula yana motsi, tururi na fita, muciya ta riƙa ratsa shi ba nauyi. Bayan wani lokaci sai ya lafa, ya kwanta, ya yi nauyi a hannu. Nan ne wurin saukewa, wajen digiri 150 zuwa 165. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya riƙe gilashi ko faranti mai sanyi a saman garin: muddin raɓa na taruwa a jikinsa, da saura. Sikeli ma yana faɗin gaskiya. Kilo 100 na tsabtataccen busasshen jifsam ya kamata ya dawo kilo 84 da ɗan kai. In ya sauka zuwa 79, an kore ruwan duka, an wuce gona da iri. In wuta ta yi tsanani ƙwarai, ta kai ɗaruruwan digiri, garin ya mutu, ba zai kama ba sai da taimakon wasu sinadarai. Bayan an sauke, a bar shi ya huce a zuba a buhu, ya kwana 'yan kwanaki a wuri busasshe kafin a taɓa, saboda sabon gashi yana da zafin kai, yana shan ruwa da yawa kuma yana kamawa kafin a shirya.

Tokar ɓuntu ita ce ke buƙatar haƙuri, kuma a nan yawancin masu gwaji ke faɗuwa. Silikar da ke cikinta tana aiki ne kawai in an ƙona tsakanin digiri 500 da 700. In wuta ta wuce 800, silikar ta daskare ta zama kamar yashi, ba ta shan laim ko kaɗan. In kuma iska ba ta isa ba, sai a samu baƙin gawayi mai zuƙe ruwa yana raunana kwaɓi. Hanya mai sauƙi ita ce duro da aka huhhuda jikinsa, da bututun raga a tsakiya don iska ta ratsa. A cika da ɓuntu, a kunna daga cikin bututun, a bar shi yana ci a hankali har ya kwana. Da dare a leƙa: garwashi ja mai duhu shi ake so, in ya koma ruwan lemo mai haske wuta ta yi yawa, a rage iska. Kada a yi gaggawar kwashewa, a bar baƙin ya cinye kansa. Toka mai kyau fara ce ko ruwan toka mai haske. Wadda ta yi ja-ja ta ƙone fiye da kima. Tokar murhun masu turara shinkafa kuwa, duk da tana da yawa kuma kyauta ce, galibi a cakuɗe take da tokar itace da ƙasa, tokar itace kuma tana sa bango ya riƙa fitar da farin gishiri.

Sai niƙa. Injin niƙan hatsi ba ya kai ta inda ake so. Abin da ya dace shi ne duro mai juyawa da aka zuba wa ƙwallayen ƙarfe, wanda duk mai walda da ya iya aikinsa zai haɗa shi da tsofaffin boris. A niƙa har ta wuce rariya mai lamba 200, a murza tsakanin yatsu ba a ji tsaki ba. Ƙurar silika tana lalata huhu, don haka takunkumi mai kyau wajibi ne, ba ƙyalle ba. Kafin a ɓata siminti, a gwada tokar: a kwaɓa awo 2 nata da awo 1 na laim, a yi ɗan curi, a rufe a leda mako guda, sannan a jefa a ruwa. In ya tsaya da ƙarfinsa, toka tana da rai. In ya narke ya koma laka, a sake ƙona wata.

Laim ɗin gwajin ba sai an saya ba. Farin taɓon da masu walda da gyaran jikin mota ke zubarwa daga tukunyar kabayid laim ne jiƙaƙƙe. A bar shi a fili har warin ya fita, nesa da wuta, sannan a adana shi a ƙarƙashin ruwa a duro, domin in ya bushe a iska yana komawa alli marar amfani. Yana cin fata, a sa safar roba.

Haɗawa da sikeli ake yi, ba da kwano ba, saboda kwanon toka bai kai rabin nauyin kwanon siminti ba. Mafari mai kyau shi ne kashi 60 gasasshen jifsam, 20 siminti, 20 toka. Ga mai buhun POP na kilo 40, wannan na nufin siminti kilo 13 da toka kilo 13, kuma tokar nan za ta ci ɓuntu kusan kilo 65. A gwaje-gwajen farko kada toka ta gaza siminti nauyi. In za a yi kuskure, gara ta yi yawa: yawanta ɗan ƙarfi kawai zai rage, ƙarancinta kuwa shi ne zai dawo da kumburin nan. A cakuɗa garin uku a bushe har launi ya zama ɗaya, babu zane-zane.

Ruwa ake fara zubawa a bokiti, sannan a barbaɗa gari a kai, a bar shi ya sha na minti ɗaya ko biyu kafin a juya. Abin da jifsam ke buƙata don ya kama bai wuce ruwa kashi 19 cikin 100 na nauyinsa ba. Duk abin da aka ƙara don sauƙin aiki ne, kuma in ya bushe yana barin ƙananan ramuka a madadinsa. Don haka a tsaya wajen lita 5 zuwa 6 ga kowane kilo 10 na gari, kaurin ya zama kamar na ƙullun masa. Bokiti ya zama wankakke tas, saboda ɗan ragowar tsohon kwaɓi yana sa sabo ya kama cikin ƙiftawar ido. In ana son ƙarin lokaci, musamman a zafin bazara, a narka garin sitirik, wanda masu alewa da lemon roba ke saya, kusan giram 1 ga kilo guda na jifsam, a cikin ruwan tun kafin a zuba gari. Fiye da haka yana rage ƙarfi. Kwaɓin da ya fara kamawa kuma ba a ƙara masa ruwa a sake juyawa. Yaran aiki suna son yin haka don kada a ce sun yi asara, amma abin da za a samu ba zai taɓa yin ƙarfi ba. Don bulo ko filasta ana iya sa yashi mai tsabta, daidai da nauyin garin ko ninkinsa, don allo kuma zaren filas kamar yadda aka saba.

Jifsam yana zafi yayin kamawa. In yana da yawa a wuri ɗaya zafin yana kai digiri 60. A 2007 wata ɗaliba a Ingila ta rasa yawancin yatsunta bayan ta tsoma hannuwa a bokitin kwaɓi ya kama da su. Kada a bar yara su yi wasa da shi.

Cikin awa guda za a iya cire abin da aka zuba daga mazubi, kuma a nan ne mai POP zai saba wa al'adarsa. Ya saba jingine allo a rana ya bushe. Wannan haɗin kuwa ƙarfinsa na farko ne kawai daga jifsam, na biyun yana zuwa a hankali daga siminti da toka, su kuma ba sa aiki sai da danshi. A lulluɓe da leda a inuwa aƙalla kwana 7, in da hali har 28, ana ɗan yayyafa ruwa in ya nemi bushewa. Ba a nutsa shi a ruwa a kwanakin farko. A lokacin hunturu, da iska ke zuƙe komai, allon da aka bari a buɗe kwana ɗaya ya riga ya zama POP mai launin toka kawai, simintin da aka sa ya tafi a banza.

Kafin a sayar wa kowa, sai an yi gwaji biyu. Na farko na ruwa ne. A zuba 'yan murabba'ai 6 masu faɗin santimita 5, bayan kwana 28 a busar da 3, a jiƙa 3 a ruwa na awa 48, a kai su sashen injiniyan gini na jami'a ko kwalejin fasaha mafi kusa a matse su a inji. A raba ƙarfin jiƙaƙƙen da na busasshen. POP zalla yana ba da 0.3 zuwa 0.45. Haɗi mai kyau yana kai 0.6 zuwa 0.8. Abin da ya gaza 0.6 bai cancanci wahalar ba.

Na biyu shi ne na kumburi, kuma ya fi muhimmanci, ga shi yana cin lokaci. A zuba sanduna masu tsawon santimita 16 da kauri 4, a auna tsawonsu da ma'aunin baniya irin na makanikai, a tsayar da su a bokiti mai murfi rabinsu cikin ruwa, a riƙa aunawa duk mako har wata 3 ko fiye, ana rubutawa. Yana da kyau a gwada haɗi uku a lokaci ɗaya, misali 60-20-20 da 60-15-25 da 70-15-15, sannan a ƙara sanda ɗaya ta POP da siminti kawai babu toka. Wannan ta ƙarshen ita ce za ta nuna yadda lalacewa take, tana tsawo, gefunanta na tsagewa. Sandar da tsawonta ya tsaya cak bayan makonnin farko ita ce ta ci. Wadda ke ci gaba da ƙaruwa, ko da kaɗan-kaɗan, tana neman ƙarin toka ko toka mafi kyau. Inda akwai ɗakin gwajin sinadarai, Rashawa suna da gajeriyar hanya: a auna laim ɗin da ya rage a ruwan haɗin, kada ya wuce giram 1.1 a lita a rana ta 5, da giram 0.85 a rana ta 7.

Ko haɗin ya ci duka gwajin biyu, yana da iyaka. Wurinsa shi ne bangon raba ɗaki, allon silin, adon baranda da ke ƙarƙashin rufi, filastar ciki, da bangon kicin da banɗaki inda danshi ke zuwa yana tafiya. Ba a yin tushe da shi, ko ginshiƙi, ko linta, ko dakin, ko tankin ruwa, ko masai. Bulon farko ya zauna a kan siminti sama da inda danshin ƙasa ke hawa. Rodi da ƙusa na baƙin ƙarfe suna tsatsa a cikinsa, saboda tokar ta shanye laim ɗin da ke kare ƙarfe a kankare, sai a yi amfani da waya da ƙusa masu rufin zinki. Kada kuma a sa shi jikin murhu ko tanderun burodi, domin dogon zafi yana sake gasa jifsam ɗin ya koma gari. Fenti sai bango ya bushe sarai.

Wanda ke kusa da masu gasa jan bulo yana iya gwada ɗaya iyalin, mai jifsam kaɗan: garin fasassun bulo da aka niƙa lukui kusan kashi biyu cikin uku, laim ɗin kabayid kusan kwata, jifsam kuma kada ya wuce kashi 10. Ana danne shi a injin bulo da ruwa kaɗan, a ba shi ruwa makonni 3 zuwa 4. Ya fi jinkiri, amma ko cokali ɗaya na siminti ba ya ci, kuma gwajin sandunan nan ya hau kansa shi ma.

Batun riba sai an zauna da biro. POP ɗin da ke kasuwannin Kano da Kaduna farashinsa ba ya nesa da na siminti, don haka mai sayen buhu ba zai ga ragi sosai ba, abin da zai samu shi ne aikin da ba ya rufta da yoyon farko. Ragin kuɗi na gaske yana wurin wanda ke kusa da ramin jifsam da injin casar shinkafa, ko wanda ke kwashe fasassun silin yana sake gasawa. A lissafin a sa itace ko gas na gashi, man injin niƙa, da watanni 3 na jiran sanduna. Duk lokacin da aka canza kamfanin siminti, ko aka ɗauko ɓuntu daga wani injin, ko aka sake duron ƙonawa, sai an zuba sababbin sanduna an sake aunawa daga farko.